Shekara Ashirin da Bakwai Ina Sa wa Mamaci Magana a Baki

Goggo Paraskeva, don girman Allah ki taimake ni, ki kuma ɓoye sunana da na mutanenmu in za ki buga wannan a jarida. Akwai abin da na yi shekara ashirin da bakwai ina yi, yanzu saura mako uku asirina ya tonu a gaban gari guda, har da masu ɗaukar hoto na talabijin. Ban kashe kowa ba, ban ɗauki kayan kowa ba, amma da kin ga yadda nake zabura in waya ta yi ƙara, sai ki rantse gawa na binne a lambu.

Ni ce mai tuni a wasan waƙa na garinmu. A bakin dandamalin Gidan Karatu, inda garinmu ke taro da wasanni, akwai wani ɗan akwati kamar akurkin kaji, rabinsa a cikin ƙasa, ya juya wa 'yan kallo baya. Nan nake shiga da littafi da 'yar fitila da bargo a gwiwa, ina raɗa wa 'yan wasa abin da za su rera, layi bayan layi, su kuma su buɗe ƙirji su rera a tafa musu. An ce a wasu garuruwan sai ɗan wasa ya manta ake neman mai tuni. Mu a namu babu wanda ya taɓa haddace komai. Mahauci da mai kemis da direban bas, ina suka ga lokacin hadda? Suna hawa dandamali kansu fayau, idonsu a kan bakina. Wata shekara na ce wa mahauci ya ɗaga ƙafarsa daga kan yatsana, ya ɗauka ya rera shi da murya mai daɗi, har da jan ƙarshen, aka tafa masa.

Sunan wasan Jirgin Gishiri. Marigayi Malam Evlogi, malamin kiɗa na makarantarmu, shi ya rubuta shi shekara hamsin da suka wuce, a kan ambaliyar zamanin kakannin kakanninmu, lokacin da kogi ya ci rabin gari, wani matuƙin jirgin gishiri mai suna Manol ya zubar da kayansa a ruwa ya yi ta kwasar mutane. Kashi uku ne. An yi ta yinsa kowace kaka, sai ƙasa ta juya, gwamnati ta canja, matasa suka watse ƙasashen waje, rufin ɗakin taron ya rufta, Malam ya rasu. Shekara tara ba a ɗaga labule ba. Da aka tashi farfaɗo da shi, tsofaffin 'yan wasan wasu sun mutu, wasu sun kurmance, sai aka ɗebo sababbi. Mijina Zdravko, direban bas a lokacin, aka ba shi Manol saboda yana da murya da gashin baki. Ni kuma aka ba ni littafin da akwatin, saboda ina iya karanta rubutun Malam, kuma ba ni da tsawo.

Littafin ɗaya ne tal a duniya, ko in ce haka muka ɗauka. Saura kwana goma a yi wasan na zo da shi gida don in bi kashi na uku, wanda ba mu kai ga gwada shi ba. Na ajiye shi a kan benci a tsakar gida na shiga shan ruwa. Lokacin gashin tattasai ne, kowane gida hayaƙi ke tashi, uwar mijina ta ɗora babbar tukunyar miyar tattasai da tumatir da za mu dura a kwalabe saboda hunturu, itacen kuma ɗanye ne ya ƙi kamawa. Ban fi minti goma ba. Ina fitowa na tarar wuta na ci balbal, tsohuwa na juya miya da muciya tana murmushi. Ta ce min, “Ke 'yar nan, ina kika samo takarda mai kyau haka? In akwai saura ki ajiye min na gobe.” Daga ƙarshen littafin ta faro yagar, don haka kashi na ɗaya da na biyu suka tsira. Na uku kuwa ya tafi dafa miya, kuma ba zan yi ƙarya ba, miyar shekarar ta yi daɗi.

Na san za ki ce me ya hana ni faɗa. Wa zan faɗa wa? An riga an buga takardun sanarwa, an ɗinka riguna, mijina ya yi wata biyu yana kurkure maƙogwaro da ɗanyen ƙwai. Ga shi mutum ne da in kika ce girkin uwarsa ya yi gishiri sai ya yi mako bai kalle ki ba, balle in ce ta ƙona tarihin gari. Sai na zauna na yi ta ƙoƙarin tuna abin da ke kashi na uku, na rasa ko layi ɗaya. Na bi tsofaffi da dabara ina tambaya, ashe babu wanda ya taɓa jinsa. A da, da zarar an shiga kashi na uku maza ke fita shan taba, mata su leƙa gida su duba murhu, a dawo lokacin tafi. Abin da kowa ya iya tunawa shi ne Manol yana tsayawa shi kaɗai ya daɗe yana rera wani abu a kan madatsar ruwa. Kiɗan dai yana nan a kan Kawu Kolyo mai goge, wanda bai taɓa damuwa da kalmomi ba tun da aka haife shi.

Na sayo takardu na cusa a bangon littafin don ya koma kaurinsa. Da takardun ba su isa ba na ƙara da littafina na haɗin kayan tsami. Har yau in na buɗe kashi na uku a cikin akwati, abin da ke gabana shi ne yadda ake jiƙa kabeji. Sannan na sa Kawu Kolyo ya goga min karin waƙoƙin wai ina duba numfashi, na dawo gida na ɗora musu kalmomi daga kaina.

To a nan ne laifin nawa ya faro, Goggo, don har zuwa nan wuta ce ta yi. Ni ban san komai a kan madatsar ruwa ba. Abin da na sani shi ne ina da miji wanda a shekara goma sha huɗu da aure, a lokacin, magana mafi daɗi da ya taɓa gaya min ita ce “miyar ba laifi.” Ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗaga min murya ba, yana saro itace, yana kawo min kankana daga hanya. Amma in kika tambaye shi ko yana sonki, sai ya kalle ki kamar kin tambaye shi lambar tayar bas ɗin wani. Sai na ga ga Manol ya dawo gida bayan ruwa ya janye, ga matarsa a ƙofa, ga kari mai sanyi babu kalmomi, ga kuma mijina da duk abin da na raɗa masa dole ya faɗa da ƙarfi. Ke da ke ce, me za ki sa masa a baki? Ni dai ga abin da na sa:

Sau goma sha ɗaya na ƙetare kogi,
ban ji tsoro ba sai da na zo ƙofarki.
Kin rufe min miya da faranti,
ni kuwa ban taɓa ce miki sannu ba.

Ranar wasan na zuba masa ruwa a bakin ƙofa don hanya ta yi masa kyau, kamar yadda ake yi, na zuba wa kaina saura. Na shiga akwati ina jiran wani tsoho ya miƙe ya ce ƙarya ne. Da aka zo kashi na uku maza suka fara laluben aljihu za su fita, sai Zdravko ya fara. Babu wanda ya fita. Yana rerawa yana hawaye, har fentin gashin bakinsa ya zubo. A wasa dai Yordanka mai kemis, wadda ke fitowa a matar Manol, ita yake rera wa. Amma da yake bai san layi na gaba ba, idonsa a kaina yake daga farko har ƙarshe. Ni ma na yi kuka, na jiƙa shafin kabeji. Muka dawo gida ya cire takalmi ya ce maƙogwaronsa ya bushe, akwai kindirmo?

Da na tsaya a nan, da sauƙi. Sai abin ya yi min daɗi. Tunda babu mai haddacewa, duk shekara in wani abu ya tsaya min a rai sai in saka shi a baiti. Shekarar da ya manta ranar sunana, wato bikin waliyyiyar da na ci sunanta, Manol ya nemi gafara a kan haka a gaban mutum ɗari uku. Shekarar da rufin ɗakin girkinmu ya yi wata biyar yana yoyo, Manol ya yi alkawarin zai hau rufi ta ɓangaren hagu, kusa da bututun hayaƙi, kuma sati bai zagayo ba na ga Zdravko ya jingina tsani. Mutanen gari sai cewa suke, “Kai, wasan Malam Evlogi akwai zurfi, duk shekara sai ka ji wani abu da ba ka lura da shi ba bara.” Ni kuma in gyaɗa kai in ce ai haka manyan marubuta suke.

Akwai kuma maganar agwagwa, gara in faɗa da bakina. Yordanka tana da wata ɗabi'a, in an zo wurin rungumar ƙarshe sai ta manne kamar an shafa mata danƙo, labule ya sauka ba ta saki ba. A shekara ta huɗu na sanar da cewa na gano wani ɗan rubutu a gefen shafi, inda Malam ya ce matar Manol tana riƙe da agwagwar da ta ceto daga ruwa da hannu biyu har ƙarshen wasa. Ta yi ƙorafi, na ce haka littafi ya ce. A garinmu in aka ce haka littafi ya ce, magana ta ƙare. Shekara ashirin da uku ke nan tana rungume da agwagwa mai rai, an cije ta ya fi a ƙirga, agwagwa ta shida muke kai yanzu. Yara suna zuwa wasan don agwagwar kawai.

Waƙar kuwa ta fita daga hannuna tuntuni. Babu bikin aure a yankinmu da ba a rera ta. Maza da suka yi laifi suna tsayawa a ƙarƙashin taga su yi ta. Da aka kafa mutum-mutumin Malam a gaban Gidan Karatu, layi na biyu aka sassaƙa a dutsen, da sunansa a ƙasa. Wata malamar adabi ta rubuta shafi tara a kan yadda marigayin ya fahimci zuciyar mace, mutumin da duk unguwa ta san shi da matarsa da cokali suke jifan juna. Na halarci bikin buɗe dutsen, na tsaya a baya da jakata, na tafa da kowa. Ba zan ɓoye miki ba, har yau ban san ko kunya na ji ranar ko haushi ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Zdravko. Yanzu shekararsa sittin da biyar, ya yi ritaya, yana ɗaure tumbi da ɗamara ya fito a saurayi. Wannan waƙar ita ce dukiyarsa a duniya. A kanti ba a kiransa da sunansa, Manol ake ce masa. Kuma ya daɗe yana ba da labarin wai ya je duba Malam a asibiti, Malam ya kama hannunsa ya ce, “Ɗana, wannan waƙar don muryarka na ajiye ta.” Ya faɗa ya faɗa har ina jin shi kansa ya yarda, yana kaiwa wurin kama hannun muryarsa ke rawa. Ba shi kaɗai ba ne ma. Mutum biyar na sani da suka rantse suna wurin ranar da aka fara rera ta shekara hamsin da suka wuce, ɗaya har yana tuna rigar da ya sa.

To ga abin da ya faru. Bana wasan ke cika hamsin. Jikar Malam, Nevena, malamar makaranta ce a birnin Plovdiv, tana kwashe kayan soron gidansu ta ci karo da kwafin kabon na wasan gaba ɗaya, wanda ya buga da keken rubutu. Ta kira magajin gari, shi kuma ya kusa faɗowa daga kujera don murna. Ya ce za a buga shi ƙananan littattafai a raba wa kowa a ƙofa, 'yan kallo su riƙa bi suna rerawa tare da 'yan wasa, ita kuma ta zauna a layin gaba da kwafin a cinya. Shekaranjiya ta kira ni. Yarinya mai ladabi, muryarta kamar ta ma'aikaciyar jinya. Ta ce, “Inna, akwai ɗan abin da ban gane ba a kashi na uku, na duba sau uku ban ga agwagwa ba. In ba damuwa zan zo ranar Asabar mu sha kofi mu duba tare.” Na ce Allah ya kawo ta lafiya, na ajiye waya na zauna a ƙasa.

Na yi tunanin kwanciya ciwo, amma likitanmu shi ke fitowa a limamin coci a kashi na ɗaya, kallo ɗaya zai gane ƙarya ce. Na yi tunanin gudu wurin 'yata a Sifen. Na yi tunanin ɗora komai a kan tsohuwa, tunda tana kabari ba za ta musa ba, amma ita takarda ta ƙona, ba ita ta kawo agwagwa ba. Kuma Allah ya gani, wani tunanin ya zo min: lokacin gashin tattasai ne yanzu, wuta na ci a tsakar gidana, yarinyar nan kuma da kwafin za ta zo. Da na kama kaina ina duban murhu da wannan ido, shi ne na ɗauko biro na rubuto miki.

Gari ya yi min dariya, zan iya ɗauka. A ƙwace akwatin, gwiwoyina ma za su gode. Abin da ba zan iya ba shi ne in ga fuskar Zdravko ranar da ya gane cewa ba Malam ne ya zaɓe shi ba, matarsa ce ta yi shekara ashirin da bakwai tana juya shi kamar muciya a gaban jama'a. Ina tsoron ya ƙi sake rera ta. Sau ɗaya a shekara nake jin waɗannan kalmomin daga bakinsa, na san ni na ba shi su, amma ina jiran kaka saboda su kamar yarinya. Ki buga wasiƙar yadda take, in na tsaya tacewa ba zan aiko ba. Ni dai ki gaya min abin da zan yi kafin Asabar.

Taki cikin damuwa,
Ta Cikin Akwati

Amsar Goggo Paraskeva

'Yar'uwa Ta Cikin Akwati, da farko ki matsa daga kusa da murhun nan. Kwafin yarinyar nan ba naki ba ne, rubutun kakanta ne, kuma duk malamar makarantar da ta duba abu sau uku ta riga ta ɗauki hotonsa a waya. Wannan shawarar mun gama da ita.

Na canja sunaye kamar yadda kika roƙa, amma kada mu yaudari juna. Garuruwa nawa ne a bakin kogi suke da agwagwa a dandamali? Ni kaina na yi kuka da waƙar nan a bikin 'yar ƙanwata, na dawo gida na yi kwana biyu ina hararar mijina bai san laifinsa ba. Matar da ta riƙe sirri shekara ashirin da bakwai ba ta aika shi jarida da baitinsa cikakke don tana son ya ci gaba da ɓoyuwa. Kin gaji da tafawa daga baya, kuma ban ga laifinki a wannan ba.

Inda na ga laifinki zan faɗa. Wutar ba laifinki ba ce, shekarar farko ma zan iya cewa tsoro ne. Sauran ashirin da shida kuwa daɗi ne ya ja ki. Malam Evlogi ya rubuta kashi biyu da duk kiɗan da waƙarki ta hau, ya kuma rubuta waƙarsa ta madatsar ruwa, mai daɗi ko marar daɗi tasa ce. Kin cire masa tasa kin sa masa wadda bai sani ba, har aka sassaƙa a dutse. Jikarsa ta girma tana alfahari da layin da ba nasa ba, ranar Asabar za ta rasa wani abu, ki tuna da wannan in tana gabanki. Ita kuma Yordanka, ko me ta yi da hannayenta a shekarun baya, ta biya. Ki je kemis ki ba ta haƙuri da bakinki, ki tafi mata da banitsa mai zafi, wainar cukun nan tamu. Ko agwagwar za ta ci gaba da fitowa, ita za ki bar wa zaɓi.

A ɗaya ɓangaren kuma, kin karɓi wurin da mutane ke fita shan taba kin mai da shi wurin da suke kuka. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma yana da suna: ke marubuciyar waƙa ce. Ki saba da jin haka, don za ki ji shi da yawa nan gaba, wasu da yabo wasu da gatse.

Ga yadda za ki bi abin. Nevena za ki gaya wa komai tun kofi bai huce ba, ki nuna mata littafin har da shafin kabeji. Wadda ta kira ki ke kaɗai maimakon ta kira magajin gari ta riga ta sha jinin jikinta, kuma ta zaɓi ta rufa miki asiri, ki riƙe ta da kyau. Ku shirya tare a buga kashi na uku iri biyu a ɗan littafin, na kakanta da sunansa, naki da sunanki. A rera waƙar madatsar ruwa ko sau ɗaya ne a bikin nan, a kuma rufe ƙofa kada kowa ya fita, mutumin ya yi shekara hamsin yana jiran a saurare shi. Magajin gari shi ne na ƙarshe, ku je masa da shiri a hannu. Shi biki yake so ya tafi daidai, in kuka nuna masa cewa garinsa ya wayi gari da marubuta biyu maimakon ɗaya, da kansa zai ce dama ya daɗe yana zargin haka. Dutsen kuwa akwai sauran wuri a ƙasa, masassaƙi ya san aikinsa.

Amma kafin duk waɗannan, mijinki. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba. Mai yiwuwa ya yarda da labarinsa na asibiti har zuciya, in haka ne zai ji ciwo, zai yi fushi, zai iya kwana biyu a rumfar itace yana gyaran abin da bai lalace ba. Ki bar shi, haƙƙinsa ne. Ki gaya masa gaskiyar da ke cikin abin, cewa kalmomin naki ne amma muryarsa ce ta hana mutane fita, kuma da wani ne a wurin da ba ki rubuta su ba. Maganar uwarsa ki faɗe ta a taƙaice ba tare da yaji ba. Sai dai ki yi tunani a kan wannan: mutumin da ya ji mamaci na shekaru ya san cewa rufinsa na yoyo ta hagu kusa da bututun hayaƙi, bai tambayi kowa ba ya ɗauko tsani, ni ban cika yarda cewa bai san komai ba. Akwai mazan da sun fi son a ce gari ya yaudare su a kan su ce wa matarsu sun gane.

Yau Alhamis, jaridar nan ta riga ta isa kemis. Ki ninke ta ki ajiye, ki nemo shi duk inda yake, ki zaunar da shi a ɗakin girki da rana tsaka. Ki faɗa masa da cikakkiyar murya, ban da raɗa, kina kallonsa daga sama ba daga cikin rami ba. In kin gama, ga abu mafi wuya da zan nema a wurinki. Zai buɗe baki ya rasa abin faɗa, zai kalli bakinki yana jiran layi na gaba, ke kuma harshenki zai yi ta ƙaiƙayi don kin san ainihin abin da ya kamata ya ce. Kada ki ba shi. Ki dafe bakinki da hannu in ta kama, ki jira, ko da zai ɗauki kwana uku. Abin da zai fito ba zai kai waƙarki kyau ba, wataƙila kalma biyu ce a karkace, amma wannan karon tasa ce.

Allah ya ba ki ƙarfin yin shiru, ya sanyaya zuciyar maigida, ya sa a yi bikin lafiya. Ki ajiye min kujera a layi na uku, nesa da agwagwa.

Goggo Paraskeva